Ƙarfen Haƙori da Zaman Makaranta: Tambayoyin da Ɗalibai Suka Fi Yi

An sa mini ƙarfen haƙori ina aji huɗu na sakandare, a makarantar kwana. Likita ya ce wata ashirin za mu yi, sai da muka yi ashirin da shida. Waɗannan wata shida na ƙari ba laifin likita ba ne, aya ce da ƙiwar goge baki. Yanzu ƙanena ne ke fama da nasa, kuma shi da abokansa da 'ya'yan maƙwabta tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Ni ba likita ba ce. Duk inda maganata ta saɓa da ta likitan da ya sa maka, tasa za ka bi, don shi ya ga bakinka. Idan na ce "kai", har da ke.

Mene ne ainihin abin da aka sa mini a baki, kuma ta yaya yake motsa haƙori?

Abu uku ne. Akwai 'yan maɓallan ƙarfe da aka manna a fuskar kowane haƙori, akwai waya da ta ratsa ta cikinsu daga wannan kusurwar baki zuwa waccan, sai ƙananan robobi masu launi da ke riƙe wayar a jikin maɓallan. Wayar ce ke aikin, maɓallan hannu ne kawai da take kama haƙori da shi. Wayar farko yawanci ta gaurayen ƙarfen nikel da titaniyom ce, wadda ko an lanƙwasa ta sai ta yi ta ƙoƙarin komawa siffarta ta asali, a wannan ƙoƙarin ne take jan haƙoran su hau layi.

Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wani siririn nama da ke riƙe shi. Idan aka matsa haƙorin a hankali, ƙashin gefen da ake dannawa sai ya riƙa zagwanyewa, sabo kuma ya riƙa tohowa ta bayansa. Tafiyar ba ta wuce kimanin milimita 1 a wata. Shi ya sa yawancin mutane ke ɗaukar wata 18 zuwa 24, wasu har shekara uku, kuma shi ya sa za ka ji haƙoranka suna ɗan girgiɗi. Ba faɗuwa za su yi ba.

Zan iya zuwa makaranta washegarin ranar da aka sa?

Za ka iya, amma idan da zaɓi a sa maka ranar Alhamis ko Juma'a. Lokacin sawar ba zafi. Sai bayan 'yan awoyi haƙoran za su fara tsami, kwana na biyu shi ne mafi wuya, daga kwana na uku zuwa mako ɗaya abin ya lafa. Ba ciwon da zai hana ka sauraron darasi ba ne, sai dai ko burodi ka gatsa sai ka ji a ƙwaƙwalwarka. Duk ranar da aka sake ɗaure waya za ka ɗanɗani irin wannan, amma a taƙaice, kwana ɗaya ko biyu.

Farasitamol ya isa, a sha yadda aka rubuta a kwali ko yadda likita ya faɗa. Ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba asfirin sai da umarnin likita, kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa a ɗora ƙwayar a kan dasashi, ƙona naman take yi. A waɗannan kwanaki ka riƙe koko, kunun gyaɗa, fate, alala, dafaffen ƙwai, ayaba da tuwo mai laushi da miyar kuka.

Ƙarfen yana gurje mini cikin leɓe da kumatu. Ya zan yi a aji?

Nan ne kakin da likita ya ba ka yake da rana. Ka gutsuri kamar ƙwayar wake, ka murza da yatsu har ya yi laushi, ka goge maɓallin da ke cizonka da tishu ya bushe, sannan ka danna kakin a kansa. Bushewar ita ce sirrin. A kan jiƙaƙƙen ƙarfe kaki ba ya zama, za ka yi ta sawa yana faɗowa har ka ce na jabu aka ba ka. A cire shi kafin cin abinci, idan kuma ka haɗiye shi bisa kuskure ba abin da zai same ka.

In wurin ya riga ya zama gyambo, rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kurkure safe da dare. Cikin mako biyu zuwa uku fatar cikin baki takan saba. Lokacin hunturu kuwa leɓe na bushewa ya riƙa maƙalewa a jikin maɓallan, don haka kada man kaɗe ko Vaseline ya bar aljihunka.

Me ya kamata ya kasance a jakata kullum?

Wata 'yar ƙaramar jaka irin ta zuba biro ta isa. A ciki: buroshi mai laushi da murfinsa, ƙaramin makilin, ɗan siririn buroshin nan mai kama da na wanke kwalba da ake zurawa ƙarƙashin waya, kaki, robobin ja da ake maƙalawa tsakanin haƙoran sama da na ƙasa idan an fara ba ka su, da ɗan madubi. Sai gorar ruwa. Lambar wayar asibitin kuma a rubuce a bangon littafi, tunda yawancin makarantu ba a barin ɗalibi da waya, kuma ranar da za a buƙace ta ba lallai Mama ta ɗauki kira ba.

Madubin kada ka raina shi. Ganyen zogale ɗaya a haƙorin gaba yana iya zama tun tara har tashi, kuma babu mai gaya maka sai an gama dariya.

Me zan ci idan an fita tara, me kuma zan bari?

Ka tsaya bakin get ka dubi tiren masu talla, rabin abin da ke kai yanzu ya fi ƙarfinka. Aya, ƙuli-ƙuli, rake, goruba, gasasshiyar masara, gugguru, soyayyar gyaɗa, kantu, cincin mai tauri, ƙanƙara, duk waɗannan suna ɓalle maɓalli ko su lanƙwasa waya. Sai masu danƙo: cingam, alawar madara, iloka da duk alawar da ke kama haƙori. Kilishi da ganda su ma a jinkirta. Na san jerin nan kamar an zare wa mutum daɗin duniya, musamman lokacin rake. Abin da ya rage maka ba kaɗan ba ne dai: ƙosai, awara, ɗanwake, waina, alala, shinkafa da wake, taliya, dankali, fura da nono, gwanda, kankana.

Akwai kuma na tsakiya, waɗanda ba a hana ba sai dai a canza yadda ake ci. Ƙa'idar ita ce kada ka gatsa da haƙoran gaba. Tsire a yanka ƙanana, a zaɓi mai laushi, a tauna da turame. Karas, gwaba da mangwaron da bai nuna sosai ba a yayyanka. Nama a rabu da ƙashi tun a kwano. Masara a ɓarje ta, ita ma dafaffiya. Ƙuli-ƙuli a daka shi a garin kwaki, a bari ya jiƙu.

Abin da ya fi ɓalle maɓallai a makaranta ma ba abinci ba ne. Tauna murfin biro lokacin lissafi, cin farce, yaga ledar fiya wata da haƙori, buɗe kwalbar lemo da baki don burge abokai. Ledar ruwan nan ita ce ta fi kama mutane, don hannu ne ke kai ta baki kafin tunani ya iso. Ka huda ta da wani abu mai tsabta, ko ka juye a gora.

Zoɓo da lemon kwalba fa? Ai su ba a tauna su.

Su ne suka fi yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Maɓallin da ya ɓalle ana mayarwa, amma akwai wani tabo fari fat, kamar alli, da ke fitowa kewaye da maɓallai idan sukari da tsami suka daɗe suna zama a wurin. Ba ka ganinsa sai ranar da aka cire ƙarfen, sai ka tarar da haƙora a jere reras, kowanne da zanen murabba'i a fuskarsa. Farkon ruɓewa ke nan, kuma wani ba ya gogewa. Ina da guda biyu a haƙoran sama, shekaru sun wuce suna nan.

Yadda abin yake, duk lokacin da zaƙi ya shiga baki ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori sukan mayar da shi asid, yawu kuma yana buƙatar kusan rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ya daidaita bakin. Saboda haka yawan maimaitawa ya fi yawan abin da aka sha illa. Wanda ya shanye zoɓonsa tare da abinci ya bi da ruwa ya fi wanda ya ɓoye gora a ƙarƙashin benci yana kurɓa har ƙarfe biyu. Bayan abu mai tsami, irin lemo ko kunun tsamiya, a kurkure da ruwa, a jira kamar rabin awa kafin a sa buroshi. Wani abin kuma, zoɓo, baƙin shayi, manja da kori suna rina robobi farare su koma ruwan ɗorawa. Ana canza su duk zuwa asibiti, amma idan abin na damunka ka zaɓi launi mai duhu.

Ta yaya zan goge baki a makaranta, ga ƙarancin lokaci ga idon mutane?

Wannan ita ce tambayar da duk sauran suka rataya a kanta. Minti uku kake buƙata bayan cin abinci, ba fiye ba. Ka fara da cika baki da ruwa ka wutsiltsila shi da ƙarfi ta tsakanin haƙora sau biyu ko uku, wannan kaɗai yana fitar da yawancin abin da ya maƙale. Sai buroshi: a karkace ta saman maɓallan wajen dasashi, sannan ta ƙasansu, sannan ciki da saman turame. Sai siririn buroshin ka bi ƙarƙashin waya tsakanin maɓalli da maɓalli. Ka duba madubi, ka koma aji.

Wurin yi kuwa, ni abin da ya cece ni shi ne alwalar azahar. Kowa na tsugune da butarsa a gindin famfo yana kurkure baki, ba wanda ya damu da wadda ta ciro buroshi daga aljihun hijabi. Da ina zuwa bayan aji ni kaɗai ina laɓe-laɓe, shi ya fi jawo ido. Idan ranar ta ƙwace, malami ya cinye lokacin tara ko famfo ya ƙafe, ko kurkurewar da ruwan gora ka yi, ta fi babu.

Gogewar dare ita ce ba a ɗaga wa ƙafa ko da gyangyaɗi kake. Makilin ya zama mai fulorayid, za ka ga an rubuta 1450 ppm ko abin da ya yi kusa da haka a jikin kwali. Da dare idan ka gama ka tofar kawai, kada ka bi da ruwa, don sinadarin ya kwana a jikin haƙori. Idan ka ga jini a kumfa, yawanci alama ce cewa dasashi ya kumbura saboda ba a kai masa buroshi, don haka ƙara gogewa za ka yi a hankali, ba dainawa ba. In ya wuce mako biyu bai tsaya ba, ka gaya wa likita. Buroshin mai ƙarfen haƙori kuma yana saurin bajewa, kada ka jira wata uku idan ka ga ya yi buzu-buzu.

Zan ci gaba da asuwaki?

Eh, da dabara. Kada ka tauna kan da haƙoran gaba don ya yi laushi, a nan ne maɓalli ke tashi. Ka jiƙa shi, ka daddaka kan da wani abu mai tsabta, sannan ka bi gefen dasashi da cikin haƙora a hankali. Zarensa yakan maƙale a waya, a duba bayan an gama. Ba ya shiga lungunan da ke tsakanin maɓallai, saboda haka ƙari ne a kan buroshi, bai maye gurbinsa ba. Tsinken sakace da tsinken tsintsiya kuwa a ajiye su gaba ɗaya.

Maɓalli ya ɓalle ko waya tana sukata ana tsakiyar darasi. Gaggawa ce?

Yawanci ba gaggawa ba ce. Na farkon da ya ɓalle mini, wata ƙawata ce ta miƙo mini aya guda uku a ƙarƙashin tebur. A ta biyun na ji "ƙas", na taɓa da harshe, sai ga maɓallin yana yawo a jikin waya kamar ɗan tasbaha. Na yi ta kuka don na ɗauka komai ya lalace. Abin da ya kamata shi ne: in yana nan a jikin waya, a bar shi a rufe da kaki. In ya fito gaba ɗaya, a nannaɗe a takarda a ajiye. A sa a kira asibiti a ranar, su za su ce a zo yanzu ko a jira ranar da aka saba. Kuskurena shi ne ɓoyewa har wata guda don tsoron faɗan Baba, alhali duk tsawon lokacin wannan haƙorin yana komawa inda ya fito.

Wayar da ke suka ta can ƙarshen baki sau da yawa alama ce cewa haƙora sun fara hawa layi, shi ya sa ta yi rara. Ka gwada kwantar da bakinta da robar goge rubutu ta bayan fensir, mai tsabta, sannan ka rufe da kaki kamar yadda aka yi bayani a amsar gurjewar leɓe. Kada ka ja ta, kada ka bar aboki ya sa filaya.

Wanda ya haɗiye maɓalli, mafi yawa yakan fita ta bayan gida. Amma idan tari ya sarƙe shi, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji na ciwo, wannan asibiti ne nan take. Haka kumburin fuska ko zazzaɓi tare da ciwon haƙori.

An ba ni robobin ja in riƙa maƙalawa tsakanin sama da ƙasa. Dole in sa su a aji?

Dole. Su ne ke gyara yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa, kuma ba sa aiki sai an sa su kusan dare da rana, in ba likita ne ya ce da dare kawai ba. Wanda ke sawa a gida ya cire a makaranta yana ɗiban ruwa ne da kwando, don abin da aka ja da dare yana komawa da rana. Ana cirewa don cin abinci da goge baki, a mayar da sabuwa, saboda ƙarfinta na raguwa bayan 'yan awoyi. Idan ka manta yini ɗaya kada ka ninka biyu washegari don ramuwa. Wani lokaci hamma kan tsinka ta a aji, shi ya sa ake yawo da ledar. In bakinka na ƙaiƙayi ko kumburi duk lokacin da ka sa, ka faɗa, akwai wadda ba ta danƙon roba ba.

Zai canza mini magana? Ina da hadda, kuma ana sa ni karatu a gaban aji.

Maɓallan da ke fuskar haƙori ba su cika taɓa harshe ba, don haka canjin kaɗan ne, sai yawan yawu a makon farko. Wanda aka sa wa wani abu a ganɗa shi ne zai ji "s" da "sh" da "ts" suna fita da iska. A karatun Alƙur'ani, haruffan da ke fita ta kan harshe da haƙoran gaba, irin sinun da sadun da zayun, su ne za su ɗan ba ka wahala. Maganin shi ne karatu da ƙarfi, minti goma kullum a ɗaki, harshe da kansa zai nemo sabuwar hanya cikin mako ɗaya ko biyu. Ka gaya wa Malam tun ranar farko, ya fi ya yi ta gyara maka abin da ba rashin sani ba ne.

Ana tsokanata. Wasu ma cewa suke canza halitta na yi.

Ni "layin dogo" aka sa mini, ƙanena kuma "mai shinge". Tsokanar takan yi mako biyu ta mutu, sai dai idan an ga tana cin ranka. Wadda ke rufe baki da gefen hijabi duk lokacin da za ta yi dariya ita ce ake bi. Amsa gajera ta wadatar: "Gyara ake yi, baɗi ku zo ku gani." Idan abin ya wuce wasa, ana taruwa a kanka ko wani siniya ya mayar da kai abin nishaɗi, ka kai maganar ga malamin ajinku ko wani babba da ka yarda da shi. Wannan ba tsegumi ba ne.

Maganar canza halitta kuwa, malamai da dama sun bambanta tsakanin feƙe lafiyayyen haƙori don neman ado, wanda hadisi ya hana, da gyara wanda ya karkace, ya hau ɗan'uwansa ko yake hana tauna da rufe baki, wanda suka ɗauka magani ne. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ku je da mahaifi ko mahaifiya wurin malamin da gidanku ya aminta da shi. Af, mai wushiryar da take so a bar mata ita ta faɗa tun kafin a fara, don likita idan ba a gaya masa ba rufe ta zai yi, alhali a wurinmu kyau ce.

Zan iya buga ƙwallo?

Za ka iya, amma gwiwar hannu ɗaya a baki ta isa ta manna leɓe a jikin ƙarfe. Akwai robar kare baki da aka yi musamman don masu ƙarfen haƙori, ka tambayi likitanka. Wadda ake tsomawa a ruwan zafi ta kama haƙora tsam ba ta dace ba sai ya amince, tunda naka haƙoran tafiya suke. Dambe da kokawa a bar su tukuna, in kuwa dole ne to ba tare da kariya ba kada a shiga. Mai busa bigila a faretin makaranta zai sha wuya na 'yan makonni, kaki yana taimakawa.

Idan tsautsayi ya sa haƙori ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai, ba ta saiwa ba, a sa shi cikin madara, a ruga asibiti. Awa ta farko ita ce ke da muhimmanci.

Ina makarantar kwana. Ta yaya zan riƙa ganin likita?

Ana komawa ne duk mako 4 zuwa 8, zangon karatu kuma yakan kai mako 12 ko 13, ke nan sau ɗaya zuwa uku ranar za ta faɗo kana makaranta. Kafin hutu ya ƙare a karɓi takarda daga asibiti mai ɗauke da ranakun, a kai wa shugaban makaranta da mai kula da ɗakin kwana, a ajiye kwafi a wurin nas. Neman izinin fita ranar da ake buƙata shi ke jawo "sai iyayenka sun zo". A roƙi likita ya daidaita ranakun da hutun tsakiyar zango. Masu wannan aiki ba su da yawa a Arewa, wasu ɗalibai sai sun yi tafiya zuwa Kano, Zariya, Kaduna ko Abuja, don haka a lissafa da yinin hanya.

A yi guzurin zango cikakke: buroshi biyu, kaki da yawa, robobin da za su kai. A ɗakin cin abinci a kula da tsakuwa a cikin wake da shinkafa, a tauna a hankali, ƙanzo kuma a bar wa masu rabo. Buroshi ba a aro ba a bayarwa, ko wace ce ta tambaya.

Ya batun azumi?

Ƙarfen da ke manne a baki ba ci ba ne ba sha ba ne. Abin lura shi ne abincin da ke ɓuya a cikinsa, don haka bayan sahur a yi cikakkiyar gogewa irin wadda aka bayyana a amsar goge baki, kafin alfijir. Da rana ana iya bi da busasshen buroshi ba makilin, ko busasshen asuwaki, wanda a mazhabar Malikiyya ya halatta ga mai azumi duk yini. Jinin dasashi a tofar. Robobin ja suna nan a wurinsu, ba dalilin cirewa, kaki kuma a sa kaɗan a danna sosai don kada ya wuce.

Idan ranar ɗaure waya ta faɗo cikin Ramadan, a nemi ta yamma, don tsamin ya zo bayan an sha ruwa lokacin da za a iya shan magani. Dabino a cire ƙwallon da hannu, busasshe a jiƙa shi. Dare kuma shi ne tarko: kunu, zoɓo da lemo daga magariba har bayan asham, sannan a kwanta a gajiye. Duba abin da aka ce kan farin tabo.

Jarrabawa ta matso. Akwai abin da zan yi daban?

Kada a ɗaure waya ana jibi za a fara. A yi mako guda kafin, ko a bari a gama. Na'urar binciken ƙarfe da ake karawa a jiki a ƙofar ɗaki ba ta cika kuka saboda ƙarfen haƙori ba, kuma ko ta yi, buɗe baki ya kashe magana. Tunda ana tambaya: ba ya tsatsa, kuma ba ya jawo aradu.

Ƙawata ta sa nata a shago da araha, ta ce na gayu ne. In bi ta?

A'a. Ƙarfen da aka manna wa haƙori yana jan sa ko da sunan wasa aka sa, kuma idan ba wanda ya ɗauki hoton ƙashi ya tsara inda za a kai shi, zai tafi inda bai kamata ba. Ga gam da ba a san irinsa ba, ga kayan aikin da ba a dafa ba daga baki zuwa baki. Haka masu ɗaure haƙora biyu da roba a gida don rufe giɓi: robar tana iya silalewa ƙarƙashin dasashi ta ci abin da ke riƙe haƙorin har ya faɗi. A Najeriya likitan haƙori sai yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, kuma gyaran jerin haƙora fanni ne da ake ƙarin karatu a kansa. Asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, suna da sashen haƙori inda za a fara tambaya.

Ranar da aka cire, shi ke nan na gama?

Saura ƙiris, kuma ƙiris ɗin dogo ne. Ƙashin da ya toho sabo bai gama ƙwari ba, haƙora kuma suna son gidansu na da. Za a ba ka abin riƙe su, ko dai roba garai-garai da ake kifawa a kai, ko siririyar waya da ake mannawa ta baya. Wasu likitoci kan ce a sa ta cirewar dare da rana a watannin farko sannan a koma dare kawai, kuma yawanci ana so a ci gaba da ta daren shekara da shekaru.

Idan kana cikin masu zuwa da ita makaranta, ƙa'ida ɗaya ce: ko tana bakinka ko tana cikin akwatinta. Kada a wanke ta da ruwan zafi, kada a bar ta a rana ko a aljihun wando. Tawa ta farko na naɗe ta a tishu na ajiye gefen faranti a ɗakin cin abinci, masu shara suka haɗa da ɓawon lemo. Ni da ƙawaye biyu muka kwashe la'asar muna tona bola da sanda, ba mu same ta ba, sai da Baba ya sake biyan wata.